An Ɗaura a Southall, Kotu Ta Ce Ba a Ɗaura Ba

Ranar 13 ga Disamba, 1998, aka yi taron ɗaurin aure a wani gidan cin abinci da ke unguwar Southall a yammacin Landan. Liman ya zo, dangin ango da na amarya sun hallara, mutum wajen 150 suka shaida. Ango da amarya Musulmi ne mazauna Birtaniya masu tushe a Pakistan. Aka ɗaura aure yadda addini ya tanada, amarya ta tare, zama ya miƙa, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Daga 2005 zuwa 2011 a Dubai suka zauna, can ma a matsayin miji da mata hukuma ta karɓe su. A 2016 zama ya ƙi daɗi, suka rabu. A watan Nuwamban shekarar matar ta shigar da ƙara, tana neman kotu ta raba auren, ta kuma duba haƙƙinta a cikin abin da aka tara a zaman kusan shekara 18.

Amsar mijin gajeriya ce: babu auren da kotu za ta raba. A cewarsa, abin da aka yi a Southall na addini ne kawai, dokar Ingila ba ta san da shi ba.

Wannan ita ce shari'ar da lauyoyi ke kira Akhter da Khan, wato sunan matar da na mijin. Ta tashi daga Babbar Kotu ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma hukuncin ƙarshe da aka yanke a 2020 shi ne ma'aunin da ake ɗora duk auren Musulmi da aka ɗaura a Ingila da Wales ba tare da rajista ba. Ya shafi yaranmu da ke karatu da aiki a Landan, Manchester da Birmingham, shi ya sa nake ganin ya kamata a warware shi dalla-dalla.

Bahaushe in ya ji wannan labari, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: to limamin fa? Shaidun fa, duk makafi ne? Tambayar tana kan hanya, domin a wurinmu ba haka abin yake ba. Duk wanda ya taɓa zama kan tabarmar ɗaurin aure a ƙofar gida, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ya san tsarin. Wakilin ango zai matso gaban waliyyin amarya ya ce yana nema wa ɗansa wane auren wance. Waliyyi ya ce ya ba shi a kan sadaki kaza. Wakili ya ce ya karɓa masa, tare da ɗaukar nauyin ci da sha da sutura. A ƙirga kuɗi a gaban jama'a, liman ya tambaya ko an shaida, a amsa masa, ya yi addu'a a shafa. Kafin hannuwa su sauka daga fuska maroƙi ya riga ya ɗaga murya yana sanar da na nesa cewa an ɗaura, lakadan ba ajalan ba, goro da dabino na zagawa. Amarya tana can cikin gida ba ta ma ga taron ba, wani lokacin angon ma yana wani gari.

A duba da kyau a ga wanda ya ɗaura auren nan. Waliyyi ne da wakili. Liman ya yi huɗuba, ya tabbatar an cika sharuɗɗa, ya sa albarka, amma a fikihun Malikiyya da muke bi ba a lissafa shi cikin abin da aure ke tsayuwa a kansa. Waliyyi, sadaki, siga, shaidu biyu adilai, da ma'auratan da babu abin da ya hana su auren juna, su ne ginshiƙai. Ko babu liman a wurin, aure ya ɗauru. Dokar Najeriya kuma ta yarda da wannan aure, alƙalin kotun shari'a zai saurari duk rigimar da ta taso daga gare shi. Maganar lasisin ɗaura aure ba ta tasowa sai ga masu auren kotu ko na coci mai rajista, inda ake ba da sanarwar kwana 21. 'Yan'uwanmu na zangunan Ghana su ne suka ɗan san kamar wannan matsala, domin dokar da Turawa suka kafa can a 1907 ta ce a yi wa auren Musulmi rajista cikin mako guda, da sa hannun ango, waliyyi, shaidu biyu da liman mai lasisin gwamnati, kuma ba kowa ke bi ba.

A Ingila an gina abin a kan wani tushe dabam. Doka ba ta tambayar ilimin wanda ya jagoranci taron, ba ta tambayar yawan shaidu in sun kai biyu. Abu uku take dubawa: an ba da sanarwa tun da wuri? A wane gini aka yi? Wane jami'in da hukuma ta sani ne ya tsaya a wurin?

Asalin wannan tsari ya koma 1753, lokacin da majalisa ta kafa dokar da ake jingina wa Lord Hardwicke domin kashe auren ɓoye. A wancan zamani akwai limaman coci da ke zaune a kewayen kurkukun Fleet a Landan, suna ɗaura wa duk wanda ya biya aure ba tambaya. Dokar ta ce daga nan aure sai a Cocin Ingila, a gaban limaminta, bayan shela ko lasisi. Yahudawa da mabiya ɗarikar Kirista ta Kweka aka ɗauke wa wannan sharaɗi. 'Yan Katolika da sauran ɗarikoki sai da suka jira har 1836 kafin a ba su damar yin aure a wuraren ibadarsu masu rajista, a shekarar ne kuma aka ƙirƙiro auren ofishin rajista wanda babu addini a cikinsa. Dokar Aure ta 1949 da ake aiki da ita yau tattara waɗannan tsofaffin dokoki ta yi, da faci a kan faci.

Shi ya sa amsar tambayar wa ke da ikon ɗaura aure a Ingila ta rabu gida-gida. Limamin Cocin Ingila yana da ikon saboda muƙaminsa, shi ne mai addu'a, shi ne kuma idon hukuma. Yahudawa da 'yan Kweka suna da jami'ansu na cikin gida da doka ta amince da su, kuma ba a ɗaure su da wani gini ba. Mai son auren da babu addini a ciki zai je ofishin rajista, ko otal ko zauren da ƙaramar hukuma ta ba lasisi, abin da dokar 1994 ta buɗe ƙofarsa, jami'an rajista biyu su tsaya a kansa. Yarjejeniyar zaman tare ta rajista, wadda dokar 2004 ta kawo aka kuma buɗe ta ga mace da namiji a ƙarshen 2019, ita ma a hannun jami'in rajista take, sa hannu ne a gaban shaidu biyu.

Duk sauran addinai, Musulmi, Hindu, Sikh, Katolika da sauransu, layi ɗaya suke bi. Dole wurin ibadar ya zama yana da rajistar ɗaura aure, kuma ba a ba da ita sai magidanta 20 sun sa hannu cewa nan suke ibada. Dole ranar auren a samu jami'in rajista a wurin, ko wani mutum da kwamitin masallacin ya naɗa hukuma ta rubuta sunansa. Wannan mutum ba lallai ya zama liman ba. Yana iya zama sakataren masallaci ko ma'aji. Liman zai iya haddace Muwaɗɗa da Risala da Mukhtasar, in babu sunansa a takardar hukuma kuma babu mai suna a wurin, matsayinsa a idon doka ɗaya ne da na kowane baƙo. Sannan akwai kalmomin da doka ta ƙayyade, waɗanda ango da amarya kowannensu zai furta da bakinsa a gaban jami'in da shaidu: cewa bai san wani abin da ya hana shi wannan aure ba, da cewa ya karɓi wance a matsayin mata, ta karɓi wane a matsayin miji. Wakilci ba ya aiki a nan. Amaryar da ke ɗaki an lulluɓe ta, kawunta na magana a madadinta, ba ta yi auren Ingila ba.

Idan aka ɗora taron Southall a kan wannan ma'auni, babu ɗaya da ya cika. Ba a ba da sanarwa ba, ba a karɓi takardar izini ba, gidan abinci ba masallaci mai rajista ba ne, babu jami'in rajista, babu wanda aka naɗa. Ko da a ce gidan abincin yana da lasisin bukukuwan aure, ba zai amfane su ba, domin a irin waɗannan wurare doka ta hana a haɗa da ibada.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar Ingila ta kasa abin da ake kira aure kashi uku. Akwai ingantacce, wanda ake rabawa da saki. Akwai ɓatacce, wanda aka nufi yi a ƙarƙashin doka amma aka saɓa wani babban sharaɗi, kamar a ce mutum yana da wani auren a kansa, ko an ƙi ba da sanarwa da gangan. Shi wannan kotu soke shi take yi, amma a ƙarƙashin dokar 1973 mai kula da rabuwar aure, wanda aka soke wa aure yana da damar neman rabon gida, fansho da kuɗin ciyarwa, daidai da wanda aka saka. Kashi na uku shi ne taron da ya yi nisa da tsarin doka har ba a lissafa shi ko a cikin ɓatattu. Mai wannan ba shi da komai. Bahaushe ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a wannan doka wanda ya yi muguwar rawa ya tsira da wani abu, wanda bai tashi ba ne ya fita hannu rabbana.

Don haka matar ba ta tsaya a kan cewa aurenta ingantacce ne kaɗai ba. Lauyoyinta sun fara da cewa doguwar zama tare da shaidar jama'a sun isa a ɗauka an yi aure. Wannan hujja ba ta yi nisa ba, tunda kowa ya san abin da aka yi da wanda ba a yi ba. Sai suka koma ga ta biyu: in bai inganta ba, to a lissafa shi ɓatacce. Duk shari'ar a kan wannan ɗan siririn layi ta tsaya.

Akwai abin da kotu ta tabbatar wanda ni a wurina shi ne zuciyar lamarin. Matar ba jahila ba ce, a lokacin auren tana kan hanyar zama lauya. Ita da mijin duka sun san ɗaurin auren liman kaɗai ba zai sa doka ta ɗauke su ma'aurata ba, sun kuma yi alkawari cewa za a bi shi da na rajista. Ta tayar da maganar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a tsawon shekarun. Mijin ya ƙi. Aka yi ta "za a yi" har 'ya'ya huɗu suka zo.

Ranar 31 ga Yuli, 2018, Mai Shari'a Williams na Babbar Kotu ya ba matar gaskiya. Ya ce taron yana da duk kamannin aure: a bainar jama'a aka yi, da shaidu, da liman, da alkawari. Ya ce a kalli auren a matsayin tafiya mai zango-zango wadda aka fara a Southall da niyyar ƙarasawa a ofishin rajista, kuma mijin ne ya tare hanya. Ya jingina da haƙƙin rayuwar iyali da ke cikin yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, da kuma maslahar yaran. A ƙarshe ya ce ɓataccen aure ne, matar ta cancanci takardar sokewa. Washegari jaridu suka cika da cewa kotun Ingila ta amince da auren Musulunci. Ba haka ya ce ba. Cewa ya yi auren ya kai matsayin da za a soke shi, kuma wannan ƙaramin matsayi shi ne ya buɗe mata ƙofar neman haƙƙi.

Bayan hukuncin, matar da mijin suka sasanta tsakaninsu. Amma Antoni Janar, wanda dama yana cikin shari'ar a madadin gwamnati, ya ɗaukaka ƙara, domin a ganinsa an buɗe ƙofar da za ta hana kowa sanin wa ke da aure wa ba shi da shi. Ƙungiyar kare mata ta Southall Black Sisters ta shiga tana goyon bayan hukuncin farko. Ranar 14 ga Fabrairu, 2020, alƙalai uku, Sir Terence Etherton, Mai Shari'a King da Mai Shari'a Moylan, suka rushe hukuncin Williams.

Hujjarsu a miƙe take. Matsayin taron aure ana auna shi ne a ranar da aka yi shi, ba ya canjawa saboda abin da aka yi niyyar yi daga baya ko abin da ya faru cikin shekaru. Alkawarin za a je rajista ba ya tilasta wa kowa, domin doka ba ta matsa wa mutum ya yi aure, yana da damar fasawa har daƙiƙar ƙarshe. Haƙƙin rayuwar iyali bai wajabta wa gwamnati ta ɗauki auren addini a matsayin na doka ba. Zancen yara kuwa, kotu ta ce wannan ƙara ba a kansu take ba. Tunda babu wani mataki ko ɗaya da aka ɗauka na bin Dokar 1949, kuma dukansu sun san haka, to ba a yi aure "a ƙarƙashin" dokar ba balle a ce an ɓata shi. Alƙalan sun lura cewa kiran irin wannan "ba-aure-ba" yana ƙona ran waɗanda suka ɗauke shi da muhimmanci, sai suka ce a riƙa cewa taron da bai cika sharaɗi ba. Suna ya sauya, sakamako bai sauya ba. Ga dubban matan da suka sa rai tun 2018, ta leƙo ta koma.

In ana son ganin yadda gini da jami'i ke da nauyi, a kwatanta da wata shari'ar 2012 wadda shi wannan Moylan ya yanke tun yana Babbar Kotu. Can ma liman ne ya ɗaura, can ma ba a ba da sanarwa ba. Amma a masallaci mai rajista aka yi, kuma wanda aka naɗa yana wurin. Kotu ta ce aure ya inganta. Addu'a iri ɗaya, siga iri ɗaya, babban bambancin bango ne da sunan mutum ɗaya a takarda.

Me mace ke rasawa in aka ce taronta bai cika sharaɗi ba? Doka na kallonta a matsayin wadda suka zauna tare kawai. Ba ta da haƙƙin ciyarwa na kanta bayan rabuwa, ba ta da rabo a fanshon mijin. In gidan da sunansa aka saya, sai ta kawo hujjar cewa tana da kaso a ciki, shari'a mai tsada da wuyar ci. Abin da ya rage mata shi ne neman kuɗin kula da yara da matsuguninsu har su girma. In kuma mutuwa ce ta raba, mijin bai bar wasiyya ba, matar rajista mai 'ya'ya tana ɗaukar kayan amfaninsa, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura. Matar da aurenta na liman ne kaɗai ba ta cikin jerin magada sam, sai dai ta kai ƙara ta roƙi kotu ta tsaga mata wani abu.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: ai dama Musulunci bai ba matar da aka saka rabin dukiyar miji ba, to me ta rasa wanda nata ne? Tambaya ce ta gaskiya, amma a dubi inda matar take tsaye. A Kano, in miji ya hana abincin idda, ko ya riƙe kayan ɗakinta, ko dangi suka hana ta tumunin gado, akwai alƙalin da zai aika sammaci. A Ingila babu wannan alƙali. Majalisun shari'a irin wadda aka kafa a Landan a 1982 suna iya ba ta takardar khul'i ko su raba auren a addinance, amma ba su da ikon karɓar ko fam ɗaya daga hannun kowa. Tumunin da Alƙur'ani ya ba ta, in miji bai rubuta wasiyya ba, babu mai ba ta shi sai in magada sun ji tsoron Allah. Sadakin da ba a biya ba ne kawai kotu ta taɓa tilastawa a matsayin bashin yarjejeniya, kamar yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2009. Ke nan ba ta samu kariyar dokar ƙasa ba, ba ta kuma samu mai tsaya mata a kan ta addini ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 2017 tashar talabijin ta Channel 4 ta sa aka tambayi matan Musulmi sama da 900 a Birtaniya, aka samu kusan shida cikin goma aurensu na liman ne kawai. Dalilan sun bambanta, kuma adalci ne a faɗe su. Wasu ba su sani ba, sun ɗauka takardar da masallaci ya ba su ta isa. Wasu matasa ne da ke son halatta mu'amalarsu kafin su gama karatu. Akwai mata masu dukiya da suka zaɓi haka da idonsu buɗe don kare abinsu. Akwai kuma mazan da ke gudun rabon dukiya, ko suke son barin ƙofar ƙara aure a buɗe, tunda yin rajista biyu laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai. Kwamitin da Farfesa Mona Siddiqui ta jagoranta ya ba gwamnati shawara a Fabrairun 2018 cewa a wajabta yin rajista kafin ɗaurin auren addini ko tare da shi, a kuma hukunta mai ɗaurawar da ya saɓa. Shawarar ba ta zama doka ba. Tun a shekarun 1960, a shari'ar Bham, kotu ta wanke wani da ya ɗaura auren Musulunci a cikin gida, bisa hujjar cewa abin da ya yi bai ma shiga sahun auren da doka ke magana a kai ba. Don haka liman ba ya fuskantar hukunci in ya ɗaura babu rajista. Sai dai daga 27 ga Fabrairu, 2023, da aka mayar da shekarun aure 18, duk wanda ya shirya wa yaro ko yarinya aure ya yi laifi ko da na addini ne kawai. A wurin hukunci doka tana ganin taron liman sarai. A wurin kare matar da ta yi shekara 18 a gidan miji ne take cewa ba ta gan shi ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ban ce alƙalan 2020 sun yi zalunci ba. Dokar da ke gabansu suka karanta, kuma gaskiya ne al'umma na buƙatar sanin wanda ke da aure ba tare da an jira shekara ashirin kotu ta auna niyya ba. Laifin yana ga dokar da ta ɗaure aure da gini. A ƙetare iyaka zuwa Sikotilan a ga bambanci: dokarsu ta 1977 mutum take ba izini. Liman da aka yi wa rajista zai ɗaura aure a masallaci, a gida, a gidan abinci ko a bakin tafki, ya zama aure a addini da doka lokaci guda, muddin an ba da sanarwa an karɓo takarda. Hukumar gyaran dokokin Ingila ta ba da shawarar komawa irin wannan tsari a rahotonta na 19 ga Yuli, 2022, inda ƙungiyoyin addini za su miƙa sunayen masu ɗaura musu aure, gini ya daina zama sharaɗi. A Oktoban 2025 gwamnati ta sanar cewa ta wannan hanya za ta bi.

Gyaran zai taimaki waɗanda rashin masallaci mai rajista ya hana, da waɗanda ba su sani ba. Amma ina shakkar zai ceci mace irin ta Southall, domin ko a sabon tsarin sai kowanne ya ba da sanarwa, kuma mijin da ba ya so ba zai je ba. Ita ta san doka, saninta bai amfane ta ba. Abin da ta rasa shi ne abin riƙo. Kafin a ɗaura, ango ne mai nema, duk sharaɗin da aka gindaya masa zai cika da rawar jiki. Da an shafa fatiha an tare, ita ce ta koma mai roƙo, kuma kowace haihuwa na ƙara mata nauyin tashi. Mutum biyu ne ke da ikon cewa a dakata a ranar: waliyyi da liman. Wasu masallatan Birtaniya sun gane haka, ba sa ɗaura aure sai an nuna musu takardar rajista, ko kuma su haɗa biyun a zama ɗaya. Limamin da ya yi haka bai ƙara wa addini wani sharaɗi ba, amanar da aka damƙa masa ya tsare.

Ga namu mutanen akwai wani ɓangare da ya kamata a sani. Ƙa'idar kotunan Ingila ita ce, auren da ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi, ya inganta a wurinsu. Auren da aka ɗaura a Kano ko Sakkwato, da waliyyi da wakili da shaidu, aure ne a Landan, ko da ta wakilci aka yi, muddin za a iya kawo hujjarsa, kuma ma'auratan sun cancanci yinsa. Wanda Ingila ta zama mazauninsa na dindindin, alal misali, ba zai je gida ya ƙara ta biyu ya dawo doka ta karɓa ba. Hatsarin yana ga wanda aka ɗaura a Ingila: ɗalibi da ɗaliba sun haɗu a jami'a, iyaye sun amince ta waya, aka tara 'yan'uwa a falon wani Alhaji a Leicester, malam ya zo ya ɗaura. Wannan taron Southall ne aka maimaita.

Hanyar kauce masa ba ta da tsawo. Ango da amarya kowanne zai je da ƙafarsa ofishin rajistar gundumar da ya zauna aƙalla kwana bakwai, da fasfo da shaidar adireshi, ya faɗi ginin da za a yi auren. Za a liƙa sanarwar a allon ofis kwana 28, ana iya tsawaita shi zuwa 70 in ɗayansu baƙo ne kuma ma'aikatar cikin gida tana son bincike. Daga nan a fitar da takardar izini mai aiki har wata 12, a sa mata hannu ranar auren, a mayar da ita ofis cikin kwana 21. Waliyyin da ke Katsina, ko wanda ya wakilta a can, yana iya cewa a turo masa hoton wannan takarda, da sunan masallacin da na mutumin da aka naɗa, kafin ya tsayar da ranar ɗaurin aure.